Abin da Kwamfutar Rilwanu Ta Karanta Mini

Muryar ce ta fara ba ni haushi. Malam Ikrima ya yi sati yana yaba mini ita a waya, wai wata manhaja ce da ke karanta wa makaho duk abin da ke fuskar kwamfuta, kuma kyauta take, ko sisi ba a biya. Da ya kunna ta sai na ji wani abu yana magana ta hanci, da sauri, kamar an rufe kwaɗo a gwangwani an ce ya yi Turanci. Na ce, "Malam, wannan abin ka taso ni tun daga Gwaram in ji?" Ya yi dariya ya ce in yi haƙuri, kunne yana sabawa, shi ma ranar farko kashe ta ya yi ya tafi shan iska.

Sunana Kaltume, malamar makaranta ce ni. Shekarar da aka yanko Jigawa daga Kano na fara riƙe alli, na yi shekara goma sha biyar ina koyar da Turanci a wata firamare ta wajen Sara, kafin hawan jinin ido ya cinye mini gani. Na dama ya fara tafiya, na hagu ya bi shi. Ba a kore ni ba. Cewa aka yi in riƙa zuwa ofishin ilimi na ƙaramar hukuma "kafin a ga abin da ya dace", sai ga shi na shekara uku a kan benci ɗaya, ina amsa gaisuwa ina jin ƙarar fanka. Ni kuwa aji nake so. Littafin aji biyar a kaina yake tun daga bango har bango, bakina lafiya lau, kunnena kuwa ko ɗan da ke cin gyaɗa a layin baya ba ya tsere masa.

Wasiƙa uku na aika ina neman a mayar da ni. Duk ukun a shagon Rilwanu aka buga su, a Birnin Kudu, ranakun da nake zuwa asibiti a auna mini ido. Rilwanu taubashina ne, ɗan kawuna, da kaɗan na girme shi, tun muna yara muke tsiya da shi. Yana da kwamfuta biyu da firinta da na'urar hoton takarda da injin wuta da ke tari kafin ya tashi, kuma rabin takardun neman aiki da na koke da ake kaiwa ofisoshin yankinmu ta hannunsa suke bi. Ina zaune ina faɗa, yana ƙwanƙwasawa, ya karanta mini in gyara, ya buga, ya ɗora yatsana a kan layi in sa hannu. Amsa dai ban taɓa samu ba. Abin da na samu shi ne, da azumin bara aka kira ni gefe aka ba ni rabin buhun shinkafa da turmin atamfa, aka ce Allah ya ƙara haƙuri. Na karɓa na yi godiya, ina mamakin abin da ya kawo wannan.

Shi Malam Ikrima makaho ne tun yana ƙarami, ɗan Birnin Kudu ne amma a Kano yake aiki, a taron ƙungiyarmu ta makafi muka san juna. Ya zo hutu gida, shi ne ya ce in zo in gwada. Ya ce daɗin abin, manhajar tana cikin ɗan filashi, duk kwamfutar da ka soka shi sai ta fara magana. Don in yarda ya ce mu gwada a ta wani, ba tasa ba. Ni ce da bakina na ce mu je shagon Rilwanu.

"Ah, yau tsohuwa ce da baƙo?" in ji Rilwanu. "Malam, ka yi hattara da ita, faɗa ne da ita kamar zakara."

"Rufe mana baki ka ba mu kujera," na ce.

Ya ba mu. Malam Ikrima ya laluba ya soka filashin, kwaɗon ya fara surutu. Ya rage masa sauri saboda ni. Ya kama hannuna ta kan mayafi ya ɗora a kan madannai, ya ce in danna. Na danna, abin ya faɗi harafin. Na ƙara dannawa, ya ƙara faɗa. A kwalejin horon malamai an koya mana tafireta, ashe yatsun ba su manta ba. Na rubuta sunana, ya karanta shi a karkace, kamar Baturen da aka tasa daga barci. Da na rubuta masa Hausa kuwa, abin da ya fito ko kare ba zai ci ba. Na yi tsaki, amma ban ɗauke hannuna ba.

"Turanci ya fi iyawa," in ji Malam Ikrima. "Bari mu samo masa doguwar takarda ki ji yadda yake karatu. Akwai wata taki a nan?"

"Akwai wasiƙuna uku."

Rilwanu yana can yana yi wa wani hoton takarda, sai na ji na'urar hoton ta tsaya. Ya ce ai waɗannan sun daɗe da gogewa, cuta ta shiga kwamfutar bayan salla ta cinye komai. Malam Ikrima ya ce to bari dai a duba, ba a sani ba. Yatsunsa suka yi ta tafiya, muryar tana jero sunayen fayil ɗaya bayan ɗaya. Neman aiki. Neman canjin wurin aiki. Takardar haya. Sai ta faɗi wani suna da Turanci wanda ma'anarsa ita ce naƙasassu. A ciki akwai ta gurgu, ta kurma, ta makaho namiji, ta makauniya. A ƙarƙashinsu ga Kaltume ɗaya, Kaltume biyu, Kaltume uku.

"Malam, wuta za ta ɗauke yanzu, ka bari sai wani lokaci," in ji Rilwanu.

"Inji ne ke aiki, ina jin sa," na ce. "Malam, buɗe ta farko."

Na san abin da na faɗa a wasiƙar nan kamar yadda na san Fatiha. Na ce ni malama ce mai shekara goma sha biyar a aji. Na ce zan koyar da baki, a ba ni wanda zai riƙa rubutu a allo cikin manyan ɗalibai, gyaran jarrabawa kuma mun yi magana da wata abokiyar aikina za ta karanta mini in ba da maki. Na ce a gwada ni zango ɗaya, in ban iya ba a dawo da ni benci.

Abin da kwaɗon ya karanta daban ne. Ya ce ni baiwar Allah ce miskiniya wadda ƙaddara ta faɗa wa. Ya ce na durƙusa a gabansu gwiwa biyu hawaye na zuba. Ya ce ba ni da kowa sai Allah sai su, 'ya'yana suna kwana da yunwa, ina roƙon su dubi girman Allah su taimaka mini da ko mene ne, abinci ko sutura. Babu aji a ciki, babu alli, ko kalmar koyarwa ba ta fito ba. Kuma ya karanta shi duka da muryarsa ɗaya, ba hawa ba sauka, har zuwa sunana a ƙasa.

Wallahi ji na yi kamar na taka kashi da ƙafa ba takalmi. Mijina yana da gona da shago a kasuwar Gwaram, 'ya'yana ba su taɓa kwana da yunwa ba. Ashe shinkafar nan da na dafa wa iyalina, bara na yi aka ba ni. Atamfar ma a jikina take a ranar, na ji kamar in tuɓe ta a wurin.

Ta biyu irin ta farko ce, kwanan wata kawai aka canja. Malam Ikrima ya tambaye ni ko a tsaya haka. Na ce a buɗe ta uku.

Ta ukun ta fi tsawo. Bayan durƙuson da hawayen, sai ga sabon sakin layi: tunda lalurar da ke tare da ni ba za ta bar ni in ƙara amfanar gwamnati da komai ba, ina roƙo da kaina, ba tare da tilas ba, a yi mini ritaya saboda rashin lafiya, in koma gida in huta. Wata huɗu ke nan da na miƙa ta da hannuna.

Mai jiran hoton takardar ya sulale.

"Rilwanu," na ce, "me ka riƙa karanta mini?"

"Abin da kika faɗa mana. Ina rubutawa, in karanta miki."

"Yana ina?"

"Ban ajiye ba." Ya ja kujera ya matso, har da sassauta murya. "Yaya Kaltume, ki tsaya ki ji. Shekarata goma sha biyu a sana'ar nan. Wasiƙarki ba ta da ladabi, kamar ke ce kike ba su umarni. Mai lalura ba haka yake rubutu ba, akwai yadda ake yi. Wannan da kika ji, wani tsohon akawu ne ya tsara mana ita, duk shagunan nan ita muke bugawa, suna kawai muke canjawa. Kuma babu wanda na buga wa ya dawo hannu rabbana. Ke ma ai kin samu."

"Ritayar fa?"

"Wannan ta ma'aikata ce, daban take. Na ga kina wahala ne, kullum a kan mashin, ga rana, ga rami. Na ce gara ki huta. In na gaya miki ba za ki yarda ba, na san halinki."

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ba ƙarya yake yi ba. Har ga Allah yana ganin alheri ya yi mini, jira ma yake in huce in gode. Da mugunta ce da na san zagin da zan yi masa. Na tashi na ce wa Malam Ikrima ya zare abinsa mu tafi. Rilwanu ya biyo mu har bakin titi yana cewa zumunci fa, Yaya, zumunci. Muka yi tafiyarmu.

Ban koma Gwaram ba ranar. Na sauka a gidan su Malam Ikrima, matarsa Fiddausi ta shimfiɗa mini tabarma a rumfa, aka ajiye mini kwamfutarsa a kan turmi da aka kifa. Kwana biyu ina fama. In danna, kwaɗo ya faɗa, in yi kuskure, in goge, in zage shi, in sake. Sau biyu ina shafe rabin shafi ban san yadda aka yi ba. Muryar ba ta yi daɗi ba ko kaɗan, har yau ba ta yi ba, amma abin da na sa shi take maimaita mini, ba ta taɓa tausaya mini ta gyara ba. Da na gama na sa ta karanta mini sau uku. Muka kai wani shago daban aka buga, na sa Fiddausi ta karanta takardar da ta fito, ina bin ta kalma da kalma.

Ranar Litinin da sassafe ina ofis. Ban zauna a benci ba, kai tsaye na wuce wurin Alhaji Hadi, wanda takardun malamai ke hannunsa. Dattijo ne mai kirki, bai taɓa ɗaga mini murya ba.

"Malama Kaltume, kamar kin san ina neman ki," ya ce. "Albishirinki. Abin da kika nema ya fito, ranar Alhamis aka kawo. Sai da na bi shi da ƙafata sau biyu, don na ga halin da kika ce kina ciki."

"Ranka ya daɗe, karanta wannan tukuna."

Ya karɓa. Na ji ya buɗe ta, na ji ya gyara zama. Har na ji ya juya takardar ya duba bayanta.

"Wa ya rubuta miki?"

"Ni na rubuta. Waɗancan ukun ne ban rubuta ba."

Na gaya masa yadda aka yi, a taƙaice, don ba na son in sake jin ɗanɗanon maganar a bakina. Ya yi salati a hankali. Na tambaye shi ko ana iya janye waccan ta ritayar. Ya ce zai rubuta, zai kuma kai da kansa, amma kada ya yaudare ni: sunana ya riga ya fita daga jerin ma'aikata, kuma a shekarunsa na aiki bai taɓa ganin an dawo da wanda ya roƙi tafiya da sa hannunsa ba.

Na ji ya sake ɗaukar takardar tawa.

"Malama, shekara biyu makarantarku ba ta da mai koyar da Turanci. Hedimasta ya zo nan ya fi sau biyar. Har sunanki na kawo a taro, aka buɗe fayil ɗinki aka karanta, aka ce matar da ke cewa ba ta iya komai, a ƙyale ta da abin da ya dame ta." Ya ajiye takardar a kan tebur. "Da wannan kika kawo mini tun farko, da yanzu kina aji."