Kwafin da Baba Bai Yaga Ba

…kuma ƙarfe huɗu za su rufe, Yaya, huɗu daidai, ga shi uku da rabi ta gota. Gurbi biyu suka rage a fom ɗin neman shiga jami'ar: kwas, da jami'a. Gurbi biyu kacal, amma wata uku ke nan sun tsaya min a wuya.

Injin juya jini na ta gurnani a bayana, nan ɗakin gwajin Baba. Baba yana gaba, yana ɗaure wa wata mata dantse da roba, ina jiyo shi ta labule: "Dunƙule hannun, Hajiya, ba zafi." Ba zafi… haka yake ce miki ke ma.

Likitanci, a jami'ar garin nan. Wannan shi ne zaɓin Baba. Tun ina shekara biyar ake kirana Likita a gidanmu, don na manna wa Kaka filasta a yatsa. Filasta ɗaya! Shi ke nan an yanke min hukunci.

Nawa kuma — nazarin halittu da kwamfuta, can jami'ar da sai an yini a mota. Kawu ya yi dariya har da tari, wai allura zan riƙa yi wa kwamfutar? Malamin lissafi ya ce in fara da kwamfuta, halittu zan tsince su a hanya. Malamar bayoloji ta ce a'a, wanda bai san ƙwayar halitta ba me zai gaya wa inji? Baba dai magana ɗaya: abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi… Kowa da bakinsa. Ba wanda ya ce min, don me?

Don ke. Harafi ɗaya, Yaya. Cikin haruffa biliyan uku da aka rubuta jikin mutum da su, ɗaya ya sauya, shi ne sikilarki. Shi ne ƙafafunki a cinyata kina cewa in matsa, in ƙara matsawa, in bari. A wannan kwamfutar na karanta, wadda nake buga wa Baba sakamakon gwaji da ita bayan makaranta, kuma haushi ne ya kama ni, ba tausayi ba. Harafi ɗaya? Ni da nake gyara kuskure goma a rana a teburin nan? Na ga likitoci, mutanen kirki, suna rataya miki ruwa suna cewa a yi haƙuri. Ni ba haƙuri nake son in je in koyo ba.

Lambar takardar haihuwa… af, ashe da saura, fom yana nema. Tana aljihun tebur na ƙasa. Baba ai ba ya yar da takarda. Kowane gwaji da kwafinsa na kabon, shekara ashirin da shida, kowace shekara a ɗaure da robarta. Mama takan ce ko ɓeran ɗakin nan ya san ba a taɓa takardun babanku.

Ga tawa. Ga taki ma, har yau… ta mutuwar a maƙale a bayanta. Wannan 'yar siririyar fa, a can ƙasa?

Takardar gwajin jini, da sunan Baba. Rubutunsa. Wata biyu kafin aurensu da Mama.

AS.

A'a. Tsaya. Wadda ke akwatin Mama AA ce. Na gan ta ya fi sau ɗari, ita take fiddo wa duk wanda ya zo dubiya da baki a karkace — tana cewa an gwada, wallahi an gwada, ni ce AS, nasa lafiya lau ya fito, inji ne ya yi kuskure. Inji. Shekara goma sha tara muna tsine wa injin da bai san hawa ba, bai san sauka ba.

Kabon ba ya sauya magana, abin da biro ya danna shi yake ɗauka. Ashe ya gani. Ya gani, ya jawo sabuwar takarda, ya rubuta wata ya kai mata. Wannan kuma ya kasa yagawa — don shi ba ya yaga kwafi! Ka cuci mace da 'yarka, amma ka riƙe amanar takarda?

To shi ne abin da babba ya hango? Likita yake so, mai rataya ruwa, mai cewa a yi haƙuri… ba mai bin diddigin inda abin ya faro ba?

Amma da bai sauya ba, da babu auren. Da babu ke. Da babu ni da ke zaune ina jin haushin. Shi ne yake goya ki zuwa asibiti, ba takalmi a ƙafarsa. Shi ne ya sume a bakin kabarinki, aka ce, sai da aka yayyafa masa ruwa. Na tsane shi yanzun nan, Yaya, wallahi na tsane shi, kuma ban san inda zan ajiye tsanar ba.

Biliyan uku zan tafi in bincika, yini guda a mota, ashe harafin da ya kai ki ƙasa, da biro aka sauya shi. A teburin nan. Wace jami'a ce ke koyar da wannan?

"Likita, kin gama?"

Huɗu saura minti huɗu. Labulen na motsi. Gurbin biyu na nan fari fat, shuɗin kabon ya kama min yatsu, ina gogawa a zani ba ya fita… kuma bakina, tun kafin in ba shi izini, har ya ce na'am.