Insha'i Shida a Kan Allo

"Ba zan sa hannu ba, Hajiya."

Shugabar makaranta ta sauke tabarau kan hanci ta dubi malamar rubutu. Takardar tana tsakaninsu a kan tebur: a cire sunan Auta, ɗalibar aji shida, daga gasar insha'i, kuma ta tsaya gaban taron safe ta nemi gafara. Sabuwar manhajar da makaranta ta kawo don kama satar rubutu ta ce insha'in yarinyar ba aikin mutum ba ne, ƙirƙirarriyar basira ce ta tsara shi.

"Wato kin fi na'ura sani?"

"Na fi ta sanin Auta. A gabana ta rubuta shi, da bironta mai yoyo. Ko waya ba ta da ita."

"Ko a cikin kanta aka dasa wayar," in ji mataimakin shugaba, yana juya shayi yana dariyarsa shi kaɗai.

Malama ta san inda maganar ta samo asali. Farkon zango, da littattafan azuzuwa uku suka taru mata har suna zubowa daga tebur, ta sa manhajar wayarta ta tsara mata insha'i shida na misali. Ta kwafe su a allo da kyakkyawan rubutunta, yara suka kwafa a littafi kamar yadda aka saba. A ranar, Auta ta ɗaga hannu, idonta na ƙyalli.

"Malama, ke kika rubuta wannan da kanki?"

Malama ta gyara mayafi ta ce, "Da wa zai rubuta?"

Tun daga nan yara suka sa mata Malama Alƙalami, ita kuwa sunan ya yi mata daɗi. Auta ta haddace shidan nan har da waƙafi, ta riƙa gina jimlolinta a kansu, don kawai ta zama kamar malamarta.

"Ni ta kwaikwaya," in ji Malama, muryarta ƙasa-ƙasa. "Ni kuma na'urar na kwafa."

Cokalin mataimaki ya tsaya a kofi.

Hajiya ta tashi ta tura ƙofa. "'Yar nan, rufa wa kanki asiri. Yarinya ce, sati biyu an manta. Ke kuwa aiki kike."

"Ita ba za ta manta ba."

"Iyaye sun ji an kama insha'i. Dole wani ya tsaya gaban taro."

"To, a kira ni."

Ranar Litinin Malama ta tsaya a kan dakalin tuta, ɗalibai sun jeru sahu-sahu. Ta faɗi abin da ta yi cikin jimloli huɗu, ba ta karanta daga takarda ba. Ba ta sunkuyar da kai ba, sai da idonta ya faɗa kan Auta a sahu na biyu. Yarinyar na kallon takalminta.

Kafin a tashi tara sunan ya koma Malama Kwafi. A ɗakin malamai, waɗanda ta san da manhajar suke tsara jarrabawa su suka fi kowa girgiza kai. Ba ta kira sunan kowa ba. Kullum tana ratsa farfajiya da alli a hannu, tana amsa gaisuwa ɗaya bayan ɗaya, har da ta masu ƙunshe dariya.

An mayar da sunan Auta cikin gasa. Malama kuwa an karɓe mata aji shida, aka ba ta 'yan aji ɗaya. Wannan ta iya ɗauka. Auta har yau tana rusunawa ta gaishe ta a baranda, amma ba ta sake kawo mata littafinta ta duba ba.