Lamba Talatin da Ɗaya

Tun da hantsi aka jera benci a barandar aji shida, iyaye suka zauna suna jiran kira. Ranar ganawar iyaye da malamai ce ta ƙarshen shekara, ranar da ake faɗa wa kowa ko ɗansa zai wuce gaba ko zai maimaita aji. Malamin ajin yana zaune a gaban allo, littafin maki a buɗe a kan teburinsa. Shekara ashirin da bakwai ke nan yana koyarwa, kuma tun da ɗalibai suka haura sittin a aji ya daina wahalar da kansa da sunaye. Ya sa an rubuta wa kowace kujera lamba da fenti; lambar kujerarka ita ce sunanka, ita za ka rubuta a saman takardar jarrabawa.

"Mahaifin Talatin da Ɗaya!" ya kira, bai ɗago kai ba.

Wani kafinta ya shigo, garin katako a gashin hannunsa, wata leda a hammatarsa. Aka nuna masa kujera, ya ƙi zama.

"Suna gare ta, Malam. Ba buhun siminti ba ce."

"Maigida, mutane na jira." Malam ya bi layin da jan biro. "Lissafi ashirin da biyu, kimiyya sha tara. Ba sai na ja ka da nisa ba, za ta maimaita. Ku iyaye kun sakar mana 'ya'ya kamar kaji, sai yau kowa ya zo yana zare ido."

"Ni na sakar maka? To madalla. Ga yara mata can biyar a bakin taga. Kai da ka riƙe ta shekara guda, nuna min tawa."

Malam ya duba. Fuskoki biyar, riga iri ɗaya, duk ya san su kamar yadda mutum ke sanin gidajen kan hanyarsa. Ya kasa gane wacce ce a cikinsu.

"Ba wasan yara muka zo yi ba."

"Ashe," in ji kafinta. Ya zazzage ledar a kan littafin. Takardun jarrabawa ne, an tara su tun daga tsakiyar shekara. "Ni ban yi boko mai nisa ba, amma aikina awo ne, na san lamba. Wannan saba'in da takwas ne ko ba shi ba? Wannan tamanin da ɗaya. Jan biron wa ke nan?"

Malam ya ɗauki ɗaya, ya ga lambar da ke samanta, sai ya yi dariyar da ya daɗe yana nadamarta daga baya.

"Bawan Allah, ka ji kunya. Waɗannan takardun Lamba Takwas ne. Ka kwaso na 'yar wani ka zo ka yi min wayo?"

"Ni kake kira ɓarawo a gaban mutane?"

Iyayen da ke baranda suka leƙo. Hedimasta, wanda ke zagayen azuzuwa, ya shigo da sauri yana gyara tabarau. Kafinta ya yafito wata siririyar yarinya daga bakin taga. Ta shigo tana murza gefen rigarta.

"Uwata, gaya masa."

"Malam, kai ka dawo da ni gaba bayan hutun farko, da na ce ba na ganin allo. Ka mayar da mai surutun nan kujerata. Ka ce daga yau ni ce Takwas."

Ya tuna. Wata safiya ce da ya shigo a fusace. Ya musanya musu kujera cikin minti ɗaya, bai koma kan littafin ya musanya sunayen ba. Wata shida ke nan yana zuba makin wannan yarinya a layin waccan, yana zuba na waccan a nata. Kuma bai fi awa ɗaya ba da ya shaida wa mahaifiyar waccan, wata mai wankau da ta zo da hannuwa duk tsagar sabulu, cewa 'yarta ce ta biyu a aji.

Hedimasta ya sunkuyo kusa da kunnensa. "Rufe littafin. Ka ce za a duba. Mu wuce da su duka biyun, magana ta mutu. Saura maka shekara biyu ka yi ritaya, kada ka jawo mana hukumar ilimi."

Hanya ce mai sauƙi, kuma Malam ya so ta har cikin ransa. Amma ya san wadda za a tura gaba ba ta iya raba goma gida biyu ba, kuma ya san wadda ke tsaye a gabansa ta ji an kira ubanta maƙaryaci. Ya miƙe tsaye.

"Kuskurena ne," in ji shi da ƙarfi, yadda na baranda za su ji. "'Yarka ce ta biyu a ajin nan. Na zalunce ta, kai kuma na ci mutuncinka. Ka yafe min."

"Yafiya ba yau ba," in ji kafinta. "Gyara a gabana. Ka sa hannu, shi ma mai tabarau ya sa."

Hedimasta ya sa hannu kamar zai huda takardar, ya ce a ciki-ciki, "Ka same ni a ofis." Kafinta ya tattara takardunsa ɗaya bayan ɗaya, ya kama hannun 'yarsa, suka fita ba sallama.

Malam ya ɗauki littafin ya bi bayansu. Mai wankau ba ta tafi ba. Tana ƙarƙashin bishiyar bakin ƙofa, waya a kunne, tana faɗa wa wani labarin da murya sama, 'yarta na gefe ta sunkuyar da kai. Da ta hango shi sai ta washe baki, ta rusuna.

"Malam, Allah ya saka da alheri! Babanta ne, ga shi ku gaisa."

"Baiwar Allah," in ji shi, "kashe wayar tukuna. Akwai maganar da zan warware."