Manjagarar Maƙwabcina

"Rufe tagar nan," in ji shi. Na rufe, amma warin ya riga ya cika ɗakin.

Maƙwabcina ne, tsohon da unguwa ke kira Mai Manjagara. Shekara tara yana kula da kududdufin bayan gidajenmu, inda duk kwatocinmu ke zuba. Shi ya kawo kainuwa ya zuba a ciki, lokacin da ruwan ya yi kore shar, ko kare ba ya sha. Kullum yakan ce kainuwa ce ke shanye ƙazantarmu. In ta ƙoshi, a kwashe rabi a shanya a tudu; in kuwa ta mutu a ciki, sai ta amayar da duk abin da ta sha. Muka riƙa yi masa dariya har ruwan ya washe, karfasa ta dawo. Mun ci kifin, dariyar ma ba mu fasa ba.

Da ciwon ƙirji ya kwantar da shi, ya miƙa min manjagarar, ya ce duk mako in kwashe rabi. Na ce to. Ni bakanike ne, ba ruwana da shiga laka. Mako biyar ban leƙa ba, kainuwa ta rufe ruwan ruf. Mai shagon layinmu ya ce ina dalilin wahala, ga maganin ciyawa. Ni na goya tankin feshin. Awa ɗaya na gama, har ina yaba wa kaina.

Kwana huɗu kainuwar ta yi rawaya, ta nutse. A rana ta shida kifi ya taso, ciki a sama.

"Rabin ka kwashe?" tsohon ya tambaye ni bayan na rufe tagar, idonsa a rufe.

"Feshi muka yi, Baba."

Matarsa na tsaye da kofi a hannu.

"Da ka ce min ba za ka iya ba," ya ce, "da na rarrafa."

Bai sake yi min magana ba. Bayan kwana biyu ya rasu. Masu zuwa gaisuwa suka zauna suna toshe hanci da hannun riga, mai shago har yana cewa dama tsohon ne ya cika mana ruwa da ciyayi.

Da aka watse, matarsa ta kira ni bayan ɗaki. Tsohon baho ne, ruwa rabi, kainuwa uku kore shar a kai. Ta ce iri yake ajiyewa, don ya san halinmu.

"Manjagarar ai tana wurinka," ta ce, ta koma ciki.

Manjagarar tana nan bayan ƙofata, haƙoranta a bushe.