Tuwon Bature a Kwalba

Kulu ta Maska ba ta faɗin sunan Bature, don ɗan fari ne. Ba ta zama kusa da shi, ba ta yi masa dariya a gaban mutane. Amma duk gidan an san kwanon wa take cikawa. Ko bayan ya yi aure, in ya dawo daga gonar auduga sai ta dangwarar da tuwo a ƙofarsa, ta ce, "A ba wancan," ta wuce.

Shekarar canjin kuɗi zazzaɓi ya huda masa hanji, aka yi masa aiki a asibiti a Funtuwa. Matarsa tana jego, dole Kulu ta zo jinya, da tukunyarta da gasararta.

Nas ɗin ɗakin, Rahab 'yar Gozaki, ta tare ta. "Inna, ko ruwa kada ya wuce maƙogwaronsa. Ɗinkin hanjin bai kama ba, in ya fashe sai dai wani ba shi ba."

"To iska zai ci?"

Rahab ta nuna kwalbar da aka rataye. "Ga tuwonsa can. Ba ruwan gishiri ba ne wannan. Abin da nama da wake ke yi wa jiki, shi ne a ciki. Ta jijiya yake shiga, hanji ya huta."

Kulu ta zauna a tabarma tana kallo. Ɗis. Sai an jima, ɗis. Ko ɗan tsako ai ba a ciyar da shi haka! Ga mutum kullum ƙara zubewa yake, wuya ya zama kamar kara. Ta kuwa lura da 'yar tayar da ke jikin robar da ke kai ruwan hannunsa, wadda Rahab ke murzawa da ɗan yatsa.

Ran nan bayan azahar Rahab ta fita. Kulu ta shafa addu'a, ta miƙe, ta yi bisimilla, ta murza. Ruwa ya kama gudu. Tun zuwanta sai yau ta ji sanyi a ranta.

Ba a jima ba fuskar Bature ta ɗau zafi, gumi ya keto. Sai rawar ɗari, sai yunƙurin amai, ya dafe ɗinki da hannu ɗaya, yana cewa wuta ce ke bin jijiyar ɗayan.

"Bature! Bature!" Ta tallabe kansa tana ƙwala wa Rahab kira.

Rahab ta shigo a guje ta tsayar da ruwan. "Inna, kin taɓa?"

"Ƙara masa na yi. Yunwa yake ji."

Rahab ta buɗe baki za ta yi faɗa, ta dubi tsohuwar, ta fasa. "Ko jariri kika yi wa ɗura da gaggawa ai shaƙewa yake. Jijiya ma haka take."

Likita ya zo ya danna cikin, ya saurara. Kulu ba abin da take sai salati. Can ya ɗago ya ce ɗinki na nan, Allah ya kiyaye. Aka mayar da allurar ɗaya hannun.

Rahab ta miƙa mata tsumma da ruwan ɗumi. "Tunda hannunki ba ya zama, ga aiki. Ki riƙa gasa masa inda ya kumbura. Kwalba kuwa tawa ce."

Kulu ta zauna a bakin gadon, abin da ba ta taɓa yi ba, ta ɗora hannunsa a cinyarta.

Bature ya buɗe ido da ƙyar. "Inna, ashe kin san sunana."

"Rufa min baki. Da wani nake."

Ranar da likita ya ce a gwada kunu, ita ta dama, tsararo. Bature ya wangale baki yana hararar ludayi.

"A'a," in ji Kulu. Ta ɗebo rabin cokali, ta hura, ta ba shi, ta ajiye cokalin ta jira ya sauka.