Fuskar Sajan Ngome

Shekara goma sha ɗaya Kibwana ya yi yana zana labarin Sajan Ngome a shafin baya na jaridarmu a Dar es Salam. Shi ke zane, amininsa Lusajo ke sa wa sojojin magana a baki, ni kuma ina jera shafi. Duk ofis mun san fuskar sajan ta Hamisi ce, ƙanin Kibwana, wanda suka tafi yaƙi tare bai dawo ba.

Da aka sayar da jaridar, sabon maigida ya ce labarin ya yi lami. So yake sajan ya ci amanar rundunarsa don a naɗa shi kanar, yaransa su harbe shi, a kawo sabon jarumi.

"Sai dai a sare hannun nan," in ji Kibwana.

Lusajo ya dafa shi. "Kwantar da hankalinka, tsoho. Ka fita, na fita. Wa zai rubuta musu, maigidan nan mai tumbi?"

Muka kwashe da dariya, muka ci gaba da cin ugalinmu, tuwon masara.

Sai zazzaɓi ya kwantar da Kibwana mako biyu. Ranar Laraba Lusajo ya ajiye mini shafi, bai yarda mun haɗa ido ba. An kwaikwayo fuskar daga tsofaffin zane, ga sajan yana miƙa wa maƙiya taswira, har da murmushi. Na daɗe riƙe da shi. Daga baya na jera, 'ya'yana huɗu ne.

Kibwana ya dawo a rame, ya tarar da Lusajo a kujerar edita.

"Lusajo, kai fa ka raka ni garin Tanga na faɗa wa tsohuwarmu ɗanta ya mutu."

"Takarda ce kawai, ɗan'uwa. Da ban yi ba, wani zai yi."

"Duk mako sai an kai mata shafin nan ta ga fuskarsa. Jiya ta aiko, wai in gaya mata gaskiya, haka Hamisi ya yi?"

Lusajo ya shiga gyara takardun gabansa. Kibwana ya tattara alƙalumansa a leda ya fita, bai ko dube ni ba.

Sabon jarumin wata biyar ya yi aka rufe shafin. Kibwana yanzu allunan shaguna yake rubutawa a unguwar Kariakoo. Nakan hango shi daga cikin mota, har yau ban sauka ba.