Ya Tambayi Inno a Gaban Mutane

…to ai ita ta ce ya tafi. Da bakinta. Kowa ya ji, har Baffa Sambo, ƙanen mahaifinsa, da kunnensa ɗaya ya mutu, ya ji. Namadi yana zaune kan akwatinsa na ƙarfe a gindin tsamiyar tashar Kalgo, yana jiran motar Jega, yana ta nanata wa kansa maganar nan kamar mai bitar karatu. Ita ta ce. Ba murna yake ba, ba baƙin ciki yake ba. Ba ya jin komai sai ƙaurin bandar kifi da ke tasowa daga bayan kasuwa.

Aiki biyu ke jiransa a Kano tun da ya dawo daga koyon tuƙin jirgin sama. Ɗaya ƙaramin jirgin fasinja — Kano, Gusau, Sakkwato, a kwana, a juya. Sakkwato fa… mota ɗaya ce zuwa Gwandu, mutum ya ci tuwon gidansu ya koma. Ɗayan jirgin kaya, ƙato mai inji huɗu, cikinsa fal fatu da ƙiraga, ya tsallake Sahara ya sauka garuruwan da ba a jin kiran salla. Wanda ya shiga wannan, shi da gida sai shekara, in ma an ba shi hutun. Amma a nan ake zama cikakken direba da wuri. A na fasinja sai ya yi furfura a kujerar mataimaki, Bature yana tuƙi shi yana kallo.

Kuma fata ba ta amai. Fata ba ta salati in jirgi ya yi ƙasa ba shiri, ba ta leƙowa ta ga baƙin mutum a gaba ta ce a sauke ta. Fata ba ta da uwa mai jiranta a gida.

Uwa…

Ƙafafun Inno a miƙe kan tabarma. Sun kumbura har suna sheƙi, in Larai ƙanwarsa ta danna da yatsa sai ramin ya zauna, ya ƙi tasowa. Numfashinta yana fita da ƙyar. Da ya shiga gaishe ta ba ta ɗago ba — dama yaushe ta taɓa ɗagowa? Shi ne ɗan fari. Tun da aka haife shi ba ta kira sunansa ba, ba ta goya shi a idon jama'a ba, kaka ce ta raine shi. "Wancan," sunansa ke nan a bakinta. A ba wancan abinci. Wancan ya iso lafiya? Haka kunyar ɗan fari take a gidansu, ba wanda ya taɓa kiranta ƙiyayya.

Ranar Juma'a, bayan an sauko masallaci. Gida cike da masu dubiya, matan dangin uba sun jeru a ɗakin, Baffa Sambo a bakin ƙofa. Ya durƙusa ya zayyana ayyukan nan biyu tsaf, yadda Turawa suka koya masa: ka faɗi abu a fili, ka tambaya a fili, a ba ka amsa. Ya ce duk wanda ta zaɓa shi zai yi. Kai, ɗa nagari! Mata sai sa albarka suke, wata har da matse hawaye.

Inno ta ci gaba da jan carbi, idonta a bango. Can ta ce da Larai, "Ce ma wancan shi tahi inda aiki yaf fi. Mu nan lahiya muke."

Shi ke nan fa. Jiya a Birnin Kebbi ya shiga gidan waya ya buga wa Kano wayar tangaraho: jirgin kaya. Malamin waya ya ƙwanƙwasa abinsa, magana ta tafi, ko ɗar bai ji ba. Daga nan ya rako Larai ɗakin mijinta nan Kalgo.

Ga ta nan tafe da ƙwaryar fura. Ta ajiye a gabansa, ta tsuguna gefe, tana tsinkar bakin gyalenta. Yana sha. Furar ba ta da ɗanɗano, ko bakinsa ne… Larai tana magana ƙasa-ƙasa, ba ta dubansa. Wai tun ranar da Inno ta ji zancen jirgin Sakkwato, tun bai iso gida ba, ta sa aka yi wa ɗakinsa sabon daɓe, ita da ba ta iya tsayuwa, a kan kujera ta zauna cikin rana har aka gama.

Ɗakin da ya kwana. Warin makubar daɓe, ƙasa sumul ƙarƙashin tabarma — ya ɗauka don baƙi aka gyara.

"Ita tac ce in tahi," in ji shi.

"Gaban mutane kat tambaye ta, Yaya. Mi kaka so ta ce?"

Me yake so ta ce? Wace uwa ce a Gwandu za ta buɗe baki a gaban dangin miji ta ce tana son ɗan farinta kusa da ita? Ko tana kan gargara ba za ta faɗa ba. Akwai yadda ake yi. A bi ta bakin Larai, da hantsi, tsakar gida ba kowa, a yi zancen kamar na wani ne, a saurari abin da za ta ce game da wancan. Ya san hanyar… ta nan ƙanzon tuwo yake iso masa yana yaro, ta hannun Larai, ba a taɓa cewa daga wa ba. Turawa suka koya masa? Ƙarya. Tuƙi suka koya masa, ba su raba shi da sanin gidansu ba.

Tun farkon mako yana gida. Safiya nawa ta wuce ɗakin ba kowa, daga Inno sai Larai? Ya shiga, ya gaishe ta, ya fito. Bai tambaya ba. Sai da ya ji takalma sun taru a ƙofa…

Ƙugin mota daga hanyar Birnin Kebbi. Mutane suna tashi, suna kakkaɓe riguna, ana kiran Jega, Jega. Larai ta ɗauki ƙwarya tana jira ya miƙe. Hannunsa yana kan mariƙin akwati, bai ɗaga ba, bai saki ba.

Shi ya jira gidan ya cika.